Yadda Ake Mayar da Gonar Noma-Mu-Raba Zuwa Noman Oganik, Mataki-Mataki

Tambayar nan ta daɗe tana maimaituwa: mutum yana noma gonar da ba tasa ba, a kan cewa idan an yi girbi za su raba amfanin da mai gona, kuma yana so ya bar takin zamani da feshin magani ya koma noman oganik. Ta ina zai fara? Yawancin masu tambayar suna jiran a ce musu ga taki kaza, ga ganye kaza da ke korar ƙwari. Duk waɗannan suna tafe, amma su ne masu sauƙin. Wahalar tana cikin yarjejeniya. A wannan noma asara ce take riga riba zuwa. Asarar tana sauka a kan mai riƙe da fartanya, ribar kuwa tana taruwa a cikin ƙasa, ƙasar kuma ta wani ce. Shi ya sa matakai uku na farko a nan ba a gona ake yin su ba. Da manomi nake magana. Inda abin ya shafi mai gona zan faɗa.

1. Fara da mai saye

Kafin ka taɓa komai, ka san wanda zai sayi kayan da irin shaidar da zai nema, domin wannan ne zai nuna maka shekara nawa za ka jira da abin da za ka kashe. Hanya uku ce. Ta farko, ka bar sinadari don rage kashe kuɗi da raya ƙasa, ka sayar a farashin kowa; wannan ba ta buƙatar takardar kowa. Ta biyu, shaidar da manoma da masu saye suke bai wa juna, wadda ƙungiyar noman oganik ta duniya, IFOAM, take kira PGS: 'yan ƙungiya ne suke zagaya gonakin junansu suna dubawa. Ba ta da tsada, sai dai a kasuwar cikin gida take aiki. Ta uku, satifiket daga kamfanin tantancewa, wanda sai da shi kaya suke shiga Amurka ko Tarayyar Turai da sunan oganik. Wannan akwai kuɗin rajista, akwai kuɗin zuwan mai duba gona duk shekara, wani lokaci har da kuɗin gwajin kaya. Ƙaramin manomi shi kaɗai da wuya ya ɗauki nauyin, shi ya sa ake shiga rukuni, a yi satifiket ɗaya ga manoma masu yawa a raba kuɗin.

Gargaɗi: "ka noma, za mu saya" ba ciniki ba ne. Ka nemi a faɗa maka wane amfani ake so, yawansa, da abin da za a ɗora a kan farashin kasuwa. Ka kuma tambaya ko suna sayen kayan shekarun riƙo, wato waɗanda aka noma babu sinadari amma ba su kai ga samun shaida ba. Galibi waɗannan a farashin kowa ake sayar da su.

2. Ɗaure wa'adi da mai gona

A ƙa'idar Amurka, sai gona ta yi wata 36 babu haramtaccen sinadari kafin girbin da za a kira oganik. A ta Tarayyar Turai, wato doka mai lamba 2018/848 da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, shekara 2 ne kafin shuka ga amfanin da ake shukawa duk shekara, shekara 3 kafin girbin farko ga itatuwa. To noma-mu-raba kuwa a mafi yawan wurare yarjejeniyar damina ɗaya ce, da baki ake yin ta, kuma kowace shekara mai gona yana iya cewa bana ɗan'uwansa zai bai wa. Ka haɗa waɗannan biyun za ka ga inda matsalar take. Ka yi shekara uku kana jidar taki, amfani ya ragu, aiki ya ƙaru, ranar da ƙasa ta farfaɗo shaida ta fito sai a karɓe gona. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka ka je wurin mai gona da maganar a fili, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, in na kashe shekara uku ina gyara ƙasar nan, wa zai noma ta a ta huɗu?" Abin da nake gani shi ne kada wa'adin ya gaza shekara 5, in da hali 6: uku na riƙo, biyu ko uku na cin moriya. A rubuta, kowa ya sa hannu, da shaidu, kuma a bi yadda dokar ƙasarku ta tanada game da haya da aron gona.

Abubuwan da takardar za ta ƙunsa bayan wa'adi su ne waɗannan. Idan an sayar da gonar ko an raba ta gado a tsakiyar wa'adi, yarjejeniyar tana bin gonar ko kuwa za a biya ka? Idan za a biya, nawa? Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yi wa takin da ka zuba kima mai raguwa: a ce in ka fita bayan shekara ɗaya a mayar maka da kashi biyu cikin uku na kuɗinsa, bayan shekara biyu kashi ɗaya cikin uku, bayan uku babu komai. Wannan ba sabon tunani ba ne. A Ingila tun 1883 doka ta wajabta a biya ɗan haya diyyar gyaran da ya bari a gona. Sai kuma sunan wanda za a rubuta a satifiket. Mutane da yawa suna zaton gona ake bai wa shaida. Mai gudanar da noman ake bai wa, kuma a ƙa'idar Amurka ba a miƙa satifiket daga hannu zuwa hannu. Amma tarihin tsabtar ƙasar yana nan tare da ƙasar: wanda ya gaje ka zai iya neman nasa satifiket ɗin ba tare da ya sake jiran wata 36 ba, muddin akwai hujja. Ka ga kenan shekarun jiranka dukiya ce da kake bar wa mai gona, kuma hujjarka ce a wajen neman wa'adi mai tsawo.

A ƙarshe a rubuta cewa mai gona ba zai aiko da kowa ya yi feshi ko ya watsa taki ba sai da saninka. Yakan faru da kyakkyawar niyya: ya zo ya ga yabanya ta yi ɗorawa, tausayi ya kama shi, ya sa a zuba mata buhu ɗaya na yuriya. Wannan buhun ya mayar da lissafin shekarun yankin farko.

Idan mai gona ya ƙi wa'adi, ya ƙi diyya, kada ka shiga neman satifiket. Ka tsaya a kan abin da yake biya cikin damina ɗaya, kamar haɗa hatsi da wake da rage feshin da ba dole ba.

3. Sake lissafin rabo

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake kashe yarjejeniya a shekara ta biyu. Tsohon rabon an gina shi ne a kan tsohon noma. A can, haihuwar ƙasa da kashe ciyawa a buhu da kwalba suke zuwa, kuɗinsu a bayyane yake, sau da yawa ana cire shi daga sama kafin a raba. A sabon noman an maye gurbin buhu da kwalba da ƙarfin mutum, ƙarfin mutum kuwa a noma-mu-raba na manomi ne shi kaɗai, ba mai lissafa shi.

Ga misali da alƙaluman da na ƙaga don a ga yadda abin yake tafiya. A ce gona tana ba da buhu 100, taki da magani suna cin kimar buhu 20, a cire, saura 80, kowa ya ɗauki 40. An koma oganik, amfani ya sauka zuwa 80, abin da aka saya daga waje ya koma kimar buhu 8, saura 72, kowa 36. A ido an yi adalci, kowa ya rasa 4. Amma ƙarin noman ciyawa, jidar taki da juya shi sun ci wa manomi kimar buhu 10 a ƙwadago. Ashe mai gona 4 ya rasa, manomi 14. Idan aka cire wannan ƙarin ƙwadagon daga sama kamar yadda ake cire takin zamani a da, saura 62, kowa 31, kowa ya rasa 9. Wannan ne rabon da zai ɗore.

Hanyoyin gyarawa biyu ne: ko a riƙa cire ƙarin ƙwadago daga sama, ko a sauya kason na shekarun riƙo, misali manomi ya ɗauki kashi biyu cikin uku, a koma rabi da rabi idan shaida ta fito. Ta biyun ta fi sauƙin lissafi, ba ta kuma jawo gardamar "kwana nawa ka yi kana noma".

Nawa amfanin zai ragu? Ya danganta da ƙasa, da amfanin, da yadda ake noman a da. Wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2012 ya samu giɓin tsakanin kashi 5 zuwa 34 cikin 100. Wani na masana daga Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya samu matsakaicin kusan kashi 19, kuma ya nuna giɓin yana sauka zuwa kashi 8 ko 9 inda ake juya shuka ko haɗa amfani iri-iri. Gonar da ta saba shan taki mai yawa ita ta fi jin jiki. Wadda dama kaɗan ake sa mata ba ta cika faɗuwa sosai ba. Ku yi lissafinku a kan mummunan zato, ba a kan kyakkyawa ba.

Akwai ƙananan abubuwa uku da sai an faɗe su tun yanzu. Kara da harawa: a da wataƙila ana raba su ko a sayar, yanzu ƙasa tana buƙatar wani kaso ya zauna, ko ya je wurin dabbobi ya dawo taki. Yankin da aka shuka wa abin rufe ƙasa wanda ba a girbe shi: babu abin rabawa a ciki, to wa zai biya irinsa? Sai ƙarin farashin oganik idan ya zo: ana raba shi a kan kason amfani, bayan an cire kuɗin satifiket.

Hattara: idan za ku fara da wani yanki na gonar, kada a ce amfanin yankin oganik naka ne, na ɗayan na mai gona. Wannan yana ɗora kasadar duka a kan mutum ɗaya. Malaman fiƙihu da suka halatta muzara'a, wato noma-mu-raba, ma sun shardanta rabo ya zama kaso daga jimillar abin da aka samu, ba amfanin wani keɓaɓɓen yanki ba.

4. Rubuta tarihin gona, ka auna ƙasa

Ka rubuta ranar ƙarshe da aka sa takin zamani, maganin ciyawa, maganin ƙwari ko irin da aka cuɗa da magani, yanki-yanki. Idan ba kai ne ka noma gonar a shekaru ukun da suka wuce ba, mai tantancewa zai nemi takardar shaida daga mai gona ko wanda ya noma ta kafin kai. Ka karɓe ta yanzu da ake shiri.

Kwanan wata yana iya cece ka shekara guda. A lissafin Amurka daga feshin ƙarshe ake ƙirgawa zuwa girbi: in na ƙarshe ya kasance a Yunin 2025, girbin Oktoban 2028 ya shiga, kenan damina biyu ce kacal ta cikakken riƙo a tsakani. A na Turai agogo ba ya fara bugawa sai ranar da ka sanar da hukuma ka shiga hannun mai tantancewa, kuma zuwa shuka ake ƙirgawa. Wanda ya yi rajista mako biyu bayan lokacin shuka zai iya rasa damina ɗaya cur.

Gwajin ƙasa kuma: ka bi gonar a karkace, ka ɗebi ƙasa daga wuri 15 zuwa 20, zurfin kamar santimita 20, ka cuɗa a bokiti mai tsabta, ka ɗebi abin da zai kai rabin kilo ka kai ɗakin gwaji. Ka nemi tsamin ƙasa, fosfaras, fotashiyam da yawan ruɓaɓɓen abu a ciki. Yawancin amfanin gona sun fi son tsami tsakanin 6 da 7 a ma'aunin pH, inda ƙaramar lamba take nufin tsami mai yawa. In ƙasa ta yi tsami da yawa, niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa ya halatta. In fosfaras ya yi ƙaranci, akwai garin dutsen fosfat, sai dai a hankali yake aiki. Ka ajiye takardar sakamakon, ita ce ma'aunin da za a duba ranar da maganar diyya ta taso.

5. Zaɓi yanki, ka yi masa iyaka

Kada ka juya gonar gaba ɗaya a shekara ɗaya. Sri Lanka ta gwada hakan a matakin ƙasa: a Afrilun 2021 gwamnati ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, noman shinkafa da shayi ya faɗi, kafin shekarar ta ƙare aka fara janye dokar. Ka fara da kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku, gwargwadon takin da kake da tabbacin samu. Ka zaɓi yanki mai kyau, ba wanda ya gaji ba. Mutane sukan ba sabon noma mafi munin wuri don "ko ya lalace ba a yi asara ba", daga nan ya lalace ɗin, mai gona ya ce ai dama ya faɗa.

Ka duba inda iska take kaɗowa da inda ruwa yake gangarowa daga gonar maƙwabci. Ana buƙatar tazara tsakaninka da mai feshi. Ƙa'idar Amurka ba ta yanke faɗinta ba, mai tantancewa ne yake dubawa ya ce ta isa ko ba ta isa ba. Shingen itatuwa ko doguwar ciyawa yana taimakawa, haka ma lambatu da zai karkatar da ruwa. Abin da aka girbe a cikin tazarar daban ake ajiye shi, a sayar a matsayin na kowa, kuma shi ma yana shiga rabo.

Gargaɗi: kada ka shuka iri ɗaya a yankin oganik da wanda ba oganik ba. Dokar Turai ta hana hakan ga amfanin shekara-shekara sai in nau'o'in suna da sauƙin bambancewa da ido, kuma ko inda aka yarda, shi ne hanya mafi sauri ta cakuɗa kaya a masussuka. Famfon feshi ma a ware na yankin oganik daban. Wanda ya taɓa ɗaukar maganin ciyawa, wanki ba ya ba da tabbas a kansa.

6. Tanadi taki tun da rani

A nan lissafi yake ba mutane mamaki. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, domin kashi 46 cikin 100 ne. Busasshen kashin shanu yawanci kashi 1 zuwa 2 ne, kuma ba duka yake sakin sa a shekarar farko ba. Kenan abin da mutum ɗaya yake saɓawa a kafaɗa, maye gurbinsa sai an yi maganar tan-tan. Kashin kaji ya fi ƙarfi, amma ɗanyensa yana ƙona shuka. Kuɗin taki sau da yawa ba a sayensa yake ba, a ɗaukarsa yake: lodi, mota ko amalanke, saukewa, watsawa. Ka lissafa nisan kafin ka yi ciniki.

Haɗa takin kuwa haka ake yi. A inuwa, ka shimfiɗa busasshen abu kamar kara da aka sassara, ƙaiƙayi ko busasshen ganye, ka ɗora ɗanyen ganye da kashin dabbobi, ka yayyafa ruwa, ka sake maimaitawa har tsibin ya kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Busasshen ya fi ɗanyen yawa. Laimar da ake so ita ce in ka damƙa a hannu ya dunƙule, ruwa bai zuba ba sai ɗigo ɗaya ko biyu. Ka soka sanda ko ƙarfe a tsakiya. Bayan kwana uku in ka zare ya kamata ka ji zafin da ba ka iya riƙewa da daɗewa. In yana warin fitsari, ɗanye ya yi yawa, ƙara busasshe. In bai ɗau zafi ba, ya bushe ne ko kashi ya yi kaɗan. Ƙa'idar Amurka tana so dogon tsibi ya riƙe zafin digiri 55 zuwa 77 na ma'aunin Salshiyas har kwana 15, a juya shi aƙalla sau 5 a cikinsu. Wannan zafin ne yake kashe ƙwayoyin cuta da 'ya'yan ciyawa, don haka ma'aunin zafi mai dogon baki yana cikin kayan aikin da suka cancanci a saya.

Hattara da abu huɗu. Ɗanyen kashi: a ƙa'idar Amurka sai an binne shi kwana 120 kafin girbin abin da yake taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Tushen kashin: Turai ba ta karɓar wanda ya fito daga kiwon masana'anta, kuma ta iyakance naitirojin na kashin dabbobi a kilo 170 ga hekta a shekara. Maganin ciyawa mai naci: irin su aminopyralid da clopyralid suna ratsa cikin dabba su fito a kashi, su tsallake ruɓewa, su nannaɗe ganyen wake da tumatir. In kana shakka, ka shuka wake a tukunya da takin ka jira mako uku ka gani. Sai dattin masai na birni, wanda haramun ne a ƙa'idojin biyu.

7. Tsara juyin shuka da iri

Taki shi kaɗai ba zai ɗauki gona ba, sai da dangin wake: wake, gyaɗa, waken soya, lablab, mukuna. Su ne suke jawo naitirojin daga iska ta hanyar ƙulle-ƙullen saiwarsu. Ka tuge guda ka fasa ƙullin. In cikinsa ja-ja ne yana aiki. Tsari mai sauƙi na shekara uku shi ne dangin wake a shekarar farko, hatsi mai cin taki kamar masara a ta biyu, sannan wanda ba shi da ci sosai haɗe da wake a ta uku. Fara riƙo da dangin wake yana da hikima, domin su ne ba su cika jin rashin takin zamani ba. Sai dai ka sani in ka kwashe ƙwaya ka kwashe harawa, abin da ya rage wa ƙasa kaɗan ne.

A nan ma sai da mai gona, domin wataƙila hatsi ɗaya ya saba karɓa duk shekara, ga shi yanzu za a kawo masa wani abu. Ku amince tun kafin shuka.

Iri kuwa: wanda aka cuɗa da maganin sinadari, mai launin ja ko shuɗi ɗin nan, haramun ne, haka wanda aka sauya wa ƙwayar halitta. In ba a samu irin oganik ba ana yarda da na kowa marar magani, amma da hujjar cewa ka nema ba ka samu ba, a Turai ma sai an ba ka izini kafin ka shuka. Ka ajiye buhun irin da rasit.

8. Ciyawa da ƙwari

Ciyawa ita ce za ta fi gajiyar da kai, ba ƙwari ba. Dabarar da take rage aiki ita ce ka gyara ƙasa da wuri, ka bar ciyawar farko ta tsiro, ka kankare ta sama-sama tana ƙarama ba tare da ka tono ƙasa ba, sannan ka shuka. Makonni shida na farko su ne na yaƙi. Wanda ya makara a noman firi ba ya kamowa a maimai. Ka yi maganar 'yan ƙwadago da kuɗinsu tun kafin ruwa ya sauka, domin ranar da kake neman su kowa ma yana nema. Kada ka bar ciyawa ta yi 'ya'ya, musamman ƙuduji: a tuge shi kafin ya yi fure, a fitar da shi daga gona.

Ga ƙwari, zagaya gona sau biyu a mako da safe kana ɗaga ganye ya fi kowane feshi. Abubuwan da aka yarda da su sun haɗa da man dogonyaro da ruwan 'ya'yansa, da ƙwayar Bt mai kashe tsutsa, wadda take aiki a kan ƙananan tsutsotsi kuma rana take kashe ta, don haka da yamma ake fesawa. Masu masara da dawa su nemi bayanin dabarar da cibiyar icipe ta Kenya ta fito da ita, ta shuka desmodium a tsakanin layuka da ciyawar Napier a gefe, wadda take rage tsutsar kara da ƙuduji a lokaci ɗaya.

Gargaɗi: ba duk abin da ya fito daga tsiro ne ya halatta ba. Garin taba da ruwanta haramun ne a ƙa'idar Amurka. Kwalbar da aka rubuta wa "na halitta" ma ba hujja ba ce. Ka aika wa mai tantancewa sunan kowane abu kafin ka saya, ba bayan ka fesa ba.

9. Littafin gona

Littafi ɗaya, biro ɗaya, jaka ɗaya ta rasit. Kowane aiki da ranarsa da yankinsa: abin da aka shuka, abin da aka zuba, daga ina ya fito, mutum nawa suka yi aiki, buhu nawa aka girbe. Ƙa'idar Amurka tana so a ajiye bayanan shekara 5. Mai duba gona zai gwada abin da ka ce ka shuka da abin da ka ce ka sayar ya ga ko sun yi daidai. Littafin nan kuma shi ne zai raba gardama tsakaninka da mai gona, don haka ka bar shi ya duba ya sa hannu ko da sau biyu a damina.

10. Girbi, rabo da ajiya

Aikin shekara uku yana iya lalacewa a yini ɗaya a nan. A fara da kayan oganik kafin na kowa. Injin sussuka na haya a share shi tas, a ware abin da ya fara fitowa a haɗa shi da na kowa, a rubuta. Tamfol da buhu su zama sababbi ko waɗanda ba su taɓa ɗaukar taki ko magani ba. Tsohon buhun takin zamani ba ya shiga. Ƙwayar maganin da ake jefawa cikin hatsi don kashe ƙwaro haramun ce. A busar da hatsi sosai a zuba a buhun da iska ba ta shiga, irin su PICS, ko a durom mai murfi da ke rufuwa gam. Kowane buhu a rubuta masa yanki da ranar girbi.

Sai babbar tambayar noma-mu-raba: kason mai gona. In ya kwashe nasa ya kai rumbunsa, ya fita daga ƙarƙashin satifiket ɗinka, kuma a yawancin ƙa'idoji ba zai iya sayar da shi da sunan oganik ba sai shi ma ya shiga hannun mai tantancewa. Mafita ita ce a auna a gabansa, a rubuta kasonsa, a sayar da kayan a dunƙule ta hannun mai satifiket, a raba kuɗi. Abin da yake so na ci a gida ya ɗauka a cire daga kasonsa a farashin da aka amince. Wannan yana nufin zai jira kuɗi maimakon ya ga buhuna a ƙofarsa ranar girbi, kuma masu sayen oganik ba kasafai suke biya nan take ba, don haka a sa ranar biya a cikin takarda.

11. Idan dole ta sa aka yi feshi

Wata shekarar fara ko tsutsa za su zo da yawan da dogonyaro ba zai tare ba, mai gona ya ce a fesa, kai ka ce a jira. Ku yanke tun farko wa yake da maganar ƙarshe, kuma a wane mataki. Misali in ɓarna ta kai kaso kaza na shukar da aka duba, a kira malamin gona, abin da ya ce shi ke nan. In an fesa, a fesa yankin da abin ya shafa kawai, a kafa masa turaku, a rubuta ranar da sunan maganin, a sanar da mai tantancewa nan take. Amfanin wannan yankin ya koma na kowa, lissafin shekarunsa ya koma farko, sauran gonar kuma tana nan a kan matsayinta in an kiyaye tazara. Ɓoyewa ce take jawo a soke satifiket ɗin gaba ɗaya, in kuma a rukuni kake, ta shafi sauran manoman. A cikin yarjejeniya a ƙara layi ɗaya: duk yankin da lissafinsa ya koma farko, wa'adin manomi a kansa da kason shekarun riƙo suna ƙaruwa da adadin shekarun da aka rasa.